Wata Bakwai Ina Jinyar Karen Babana

Shekarun baya, lokacin ban cika shekara guda da gadon shagon hatsin mahaifina a nan Jibiya ba, na yi wani aiki da ko a mafarki ban taɓa zaton zan yi ba. Jinyar kare na yi, har wata bakwai. Na san wasunku da suka san ni tun wancan lokaci sun fara murmushi, don har gobe akwai masu tsokanata da maganar. To yau bari in ba da labarin da bakina, yadda ya faru, ba yadda 'yan kasuwa suka ƙara masa gishiri ba.

Karen ba nawa ba ne, na mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa. Wani direban babbar mota ɗan Maraɗi ne ya kawo masa shi yana ɗan kwikwiyo, tsoho kuma ya ajiye shi don gadin sito. Jan kare ne siriri mai dogayen ƙafafu, irin na mafarauta. Yana da wata ɗabi'a guda: duk buhun da aka sauke a ƙofar shago, sai ya zagaya shi ya shinshina kafin a shiga da shi. Fatake 'yan Nijar da ke kawo mana wake suka laƙaba masa suna Duwan, wato kwastan a bakinsu, wai shi ma ba ya barin kaya ya wuce bai duba ba. Sunan kuwa ya bi shi.

Ni ba na son kare, gaskiya ke nan. Da mahaifina ya rasu, an ce mini Duwan ya kwana uku a ƙofar sito bai ci komai ba, na ce zafi ne ya hana shi. Na bar shi ne kawai don ɓarayi suna shakkarsa. Abinci ma daga nesa nake cilla masa, in kuwa ya matso kusa da ƙafata sai in buga ƙasa in ce, "Kai! Can!"

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, tsakiyar bazara, rana ta take har kwalta tana sheƙi. Wani babban mai sayen hatsi ya zo daga Katsina, ya sha babbar riga fara sol. Na daɗe ina so ya zama mutumina, don haka ina ta haba-haba da shi. Duwan yana kwance a inuwar rumfa kusa da sikeli. Alhajin nan ya tsaya daga nesa ya tattare riga ya ce, "Malam, wannan karen fa? Ni da alwalata nake."

Da cewa kawai na yi ya koma bayan sito, da ya koma, don yana jin magana. Amma ina so in burge baƙo. Sai na ɗauki kwanon awo na jefe shi, na daka masa tsawa. Ya zabura daga barci ya yi tsalle, bai tsaya ko'ina ba sai kan titi. Daidai lokacin wani babur ɗauke da jarkokin fetur ya taho a guje zai nufi iyaka. Ƙarar da na ji ba ta da yawa, kamar an yar da buhu ne a ƙasa. Mai babur ya yi tangal-tangal, ya daidaita, ya wuce abinsa.

Duwan ya yunƙura zai tashi. Ƙafafun gaba suka miƙe, na baya kuwa suna shimfiɗe a kwalta kamar ba nasa ba. Ya sake gwadawa, ya faɗi. Daga nan sai ya fara jan jiki da ƙafafun gaba. Abin da har yau na kasa mantawa shi ne inda ya nufa. Ba daji ya yi ba, ba ƙarƙashin mota ya shige ba. Wurina ya taho, ni da na jefe shi.

Alhajin ya ce, "Allah Ya kyauta," ya koma tambayar gero.

Abokina yana da shagon walda a tsallaken titi, tare muka tashi da shi tun ƙuruciya. Shi ne ya fara isowa, tabaran walda a goshi. Ya durƙusa ya duba, ya ɗago ya ce, "Gadon bayansa ne. Kada wanda ya ɗaga shi." Kafin ka ce me, mutane sun taru, kowa da shawararsa. Wannan ya ce a ja shi bayan gari a bar shi, wancan ya ce a kira maharbi ya hutar da shi. Abokina bai kula su ba. Ya koma shago ya kinkimo wani ƙyauren ƙarfe da yake haɗawa, muka zura shi a hankali ƙarƙashin karen, muka ɗora a amalanke.

Na ce, "Bayan gari za mu."

Ya ce, "Mu dai fara biyawa gida Inna ta sani. Karen mijinta ne."

Ban so ba, amma haka muka nufi gida.

Mahaifiyata tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta fito zaure tana gyara lulluɓi, ta tsaya kan amalanken nan ta daɗe tana kallo. Duwan ya kwantar da kunnuwa, ya yi wani ɗan kuka siriri.

"Mi ya same shi?"

"Babur ne, Inna."

"To ina za ku kai shi?"

Na kau da ido. Abokina ma ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Shekara bakwai dabbar nan tana kwana waje don ku kwana ɗaka da hankali kwance. Ku zagaya da shi bayan gida, wurin tsohon turken awaki."

Na ce, "Inna, kare ne fa."

Ta ce, "Na gani, ɗan nan. Ban makance ba tukuna."

Washegari abokina ya ɗauko wani likitan dabbobi a babur, wanda ke duba shanun makiyaya ta wajen Bugaje. Mutum ne mara yawan magana. Ya bi gadon bayan karen da yatsa har ya zo inda ya kumbura. Sannan ya zaro filaya daga aljihun abokina, ya kama fatar tsakanin yatsun ƙafar baya ya matsa. Shiru. Ya ƙara matsawa da ƙarfi. Sai Duwan ya juyo da kai ya yi gurnani, ya bayyana haƙora.

Na ja da baya. Likita kuwa murmushi ya yi. Ya ce, "Wannan gurnanin albishir ne. Yana jin zafi, ke nan saƙo yana wucewa ko da kaɗan ne. Ba zan yi muku alkawarin zai tashi ba. Amma ba zan ce ba zai tashi ba."

Ya yi masa allura, ya ce allurar ba ita ce maganin ba. Dole karen ya kwanta wuri guda mako shida. Dole a riƙa juya shi daga wannan gefe zuwa wancan sau huɗu a yini, in ba haka ba fatarsa za ta ruɓe. Dole ya zauna a bushe. Sannan ya ce, "Kuma ba zai iya fitsari da kansa ba. Sai an matse masa mara da hannu, safe da rana da yamma. In aka bari, fitsarin ne zai kashe shi kafin bayan."

Na ce, "Wa zai matse?"

Likita ya dube ni. Na dubi abokina. Abokina ya ɗaga kai yana kallon sama kamar an ce masa hadari ya taso.

Haka na fara. Na ɗaura leda a hannu biyu, na ɗaure hanci da ƙyalle, na kau da kai gefe. Karo na farko da na yi ni kaɗai ranar Juma'a ce, na riga na yi wanka na sa farar kaftani, na ce bari in yi sauri in gama kafin masallaci. Na matsa, ba komai. Na sunkuya in ga ko ba wurin ba ne, na ƙara matsawa. To wurin ne. Ranar dai a sahun baya na samu sallah, da tsohuwar riga, matata kuwa ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Amma ita ce daga baya ta ɗinka masa katifa da buhunan wake, ta cusa ƙaiƙayi a ciki, ta ware mini bokiti da sabulu da riga guda ta wannan aiki. Sharaɗinta ɗaya: rigar nan kada ta kuskura ta ƙetare ƙofar ɗakinta.

Bayan mako guda na gaji. Sai na tare limamin unguwarmu bayan la'asar, na ja shi gefe, na tsara masa tambaya yadda nake ganin amsar za ta fitar da ni. Na ce, "Allah gafarta Malam, mutum mai sallah, kullum hannunsa a jikin kare, ai akwai matsala ko?" Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Ka wanke hannu da kyau, ka canza tufa, ka yi sallarka. Dabbar da ta yi wa gida aiki tana da haƙƙi a kan masu gidan." Na yi godiya na fito raina a jagule. Na je neman hanyar gudu, an ƙara ɗaure ni.

A kasuwa kuwa na zama abin hira. Da na iso da safe, sai maƙwabtana su gyara fuska kamar gaske su ce, "Sannu likita. Ya mai jiki? Ya kwana?" Mai shayi ya ware mini kofina daban, wai wasa yake, amma bai taɓa mayar da shi cikin sauran ba. Alhajin Katsina bai sake dawowa ba. Ina yin dariya tare da su, amma in na koma gida na ga karen nan kwance yana bin ni da ido, sai in ji haushinsa da haushin kaina sun cakuɗe.

Damina ta faɗi muna cikin mako na biyar. Sai tafiya ta kama ni zuwa Maraɗi karɓo wake, na ce kwana ɗaya zan yi, na yi biyu. Abokina ya zo ya matse masa mara yadda na nuna masa, amma juyawar ba a yi ta yadda ya kamata ba, ga ruwa ya shigo rumfar turken awakin ya jiƙa katifa. Da na dawo na juya shi, na ga ƙugunsa ya buɗe, ƙuda sun yi ƙwai, har tsutsa ta fara. Likita ya zo ya wanke ciwon, bai ɗaga murya ba, ya dai ce, "Malam, in ba za ka iya ba ka faɗa mini, in san abin da zan yi. Rabin jinya ya fi rashin jinya azaba."

Daga ranar Duwan ya daina cin abinci. Kwana uku. In na ajiye kwano sai ya juya kai ya kalli bango. Haƙarƙarinsa suka fito, idonsa ya faɗa.

Ranar ta huɗu da hantsi na sami mahaifiyata a ƙofar ɗakinta tana shan koko. Na zauna a ƙasa. Na ce, "Inna, azabtar da shi kawai muke yi. Ki bari in kira likita a hutar da shi." Ta ci gaba da shan kokonta. Sai na ji maganar da na ɓoye wata guda ta taho da kanta. Na ce, "Kuma ba babur ne kaɗai ba. Ni na jefe shi da kwanon awo ya faɗa titi. Don in burge baƙo."

Ta ajiye ludayi. Ta ce, "Na sani."

Na ɗago kai.

"Kasuwa ce fa. Kana tsammanin a yi abu a kasuwa bai iso gida ba? Tun ranar aka gaya mini."

"Ba ki ce komai ba, Inna."

"Jira nike ka faɗa da bakinka. To ka faɗa, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Yanzu saurara. Ina kallonka ta taga kullum. Kana yi masa aiki, ban ce ba ka yi ba. Amma hannu a leda, hanci a ɗaure, fuska can gefe, kamar mai kwasar shara. Dabba tana gane hannun da ke ƙyamarta. Ubanka in ya zo shago, zama yake ya yi masa magana kamar mutum. Je ka gwada wannan. In ya ƙi ci har gobe, kira likitan, ba zan hana ba."

Na tafi wurin mahauci na sayo hanta, matata ta dafa. Na shiga rumfar ba leda, ba ƙyalle. Na zauna a ƙasa kusa da kansa. Ban san abin da ake ce wa kare ba, sai na ce, "Duwan, ka yi haƙuri. Ni na yi maka wannan." Ina jin kaina wawa-wawa, ina ta waige kada wani ya ji. Sannan na ɗora tafin hannuna a kansa. Shekara bakwai muna tare, ranar na fara sanin cewa bayan kunnensa laushi gare shi kamar auduga. Ya rufe ido ya yi ajiyar zuciya. Mun fi rabin sa'a a haka. Da na miƙa masa hantar a tafin hannu, ya shinshina, ya dube ni, ya ɗauki yanka guda a hankali kamar mai tsoron ya taɓa ni da haƙori. Ya ci na biyu. Ya cinye duka.

Ban kira likita don wancan aikin ba.

Daga nan abin ya sauya, a wurina ma fiye da wurinsa. Na rataya masa tsohon gidan sauro saboda ƙuda. Na ɗaga katifar a kan katako. Duk lokacin da na juya shi sai in murza masa ƙafafun baya, in lanƙwasa in miƙe, yadda likita ya nuna, ina ba shi labarin kasuwa: wa ya kawo wake mai ƙwari, wace mota aka tsare a iyaka. Ciwon ƙugu ya rufe. A wata na uku ya fara fitsari da kansa, a kwance dai, amma da kansa. Sai kuma wata matsala ta ɓullo. Ƙarfi ya dawo masa a gaba, ya ƙi zama, yana jan jiki a tsakar rumfa har fatar ƙafafunsa tana saluɓewa.

Abokina ya zo ya tsaya yana kallonsa, hannu a ƙugu. Ya ce, "Ba ni kwana biyu."

Ya samo tayoyin tsohon keken yara, da bututun ƙarfe, da bel ɗin kujerar wata mota da aka yar, ya haɗa wani abu kamar ƙaramin amalanke. Muka ɗaura masa. Na farkon ya yi tsawo, karen ya taka sau biyu ya kife da hanci. Na biyun ya yi matsi, ya zo kwana ya wuntsila, tayoyi suna juyi a sama. Abokina ya ce, "Ni fa ƙofa da taga na iya, ba a taɓa kawo mini awon kare ba." Ya koma ya yanke, ya faɗaɗa, ya naɗe ƙarfen da tsohon tub na taya don kada ya ci masa fata.

Na ukun muka ɗaura da safe. Duwan ya tsaya cik, yana waigen tayoyin. Ya taka ɗaya, abin ya biyo shi. Ya taka biyu. Sai kawai muka ga ƙura. Ya fita ta ƙofar baya, ya bi lungu, mu biyu muna binsa da gudu, ni takalmi ɗaya ya cire. Bai tsaya ba sai ƙofar shago. Direbobin da ke layin shiga iyaka suka leƙo ta taga, wasu suka sauko da waya suna ɗauka. Wani bafatake ɗan Nijar ya riƙe baki ya ce, "La ilaha illallahu! An yi wa Duwan ƙarin girma, an ba shi mota!" Kasuwa ta kwashe da dariya, amma wannan dariyar daban take da wadda na saba ji.

Ni a raina an gama ke nan, mun ci nasara. Da likita ya zo ya ga keken ya yaba, sannan ya ce, "Kada ku bar shi a ciki yini guda, zai manta yana da ƙafa. Ka kai shi ruwa. A ruwa jiki ba ya da nauyi, in akwai sauran motsi a nan zai fito."

To ga ni, mutumin da bai iya iyo ba, wanda ko a damina ba ya tsallaka kwata sai ya yi addu'a. Kullum da sassafe kafin buɗe shago sai in ɗora shi a amalanke mu tafi bakin dam. In zura tsohon zani ta ƙarƙashin cikinsa, in riƙe bakin zanin biyu, mu shiga har ruwa ya kawo mini ƙugu. Yana ta iyo da ƙafafun gaba, na baya suna reto kamar igiya. Masunta suna gyaran koma suna kallonmu, in sun gaishe ni su haɗa da girgiza kai.

Kwana goma sha wani abu muna haka. Ran nan ina tsaye cikin ruwa hankalina yana kan wani ciniki, sai na ji abu ya karce ni a cinya. Na ƙwalla ihu, don na ɗauka maciji ne. Masunta biyu suka taho a guje da sanda. Na leƙa cikin ruwan, sai na ga ƙafar baya ta hagu tana naɗewa tana miƙewa, tana naɗewa tana miƙewa. Farcensa ne ya karce ni. Na ce da masuntan, "Ku duba! Ku duba ƙafar!" Babbansu, wani dattijo, ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya ɗago ya ce, "Ikon Allah. To Malam, gobe ka zo ta can gefen, ƙasan ya fi tauri, za ka fi jin daɗin tsayuwa."

Ta dama ta biyo baya bayan mako biyu. Daga nan na fara tsayar da shi a tsakar rumfa in saki zanin a hankali. Ya tsaya kamar ƙiftawar ido ya zube. Wata rana ya kai in ƙirga biyar. Wata rana ƙafafun su harɗe ya faɗi tun ban saki ba. Haka muka yi ta yi har damina ta ɗauke, sabon gero ya fara shigowa kasuwa.

Ranar da ba zan manta ba, ana sauke mana kaya daga wata babbar mota a ƙofar shago. Na kwance masa keken don ya huta, na shimfiɗa masa buhu a inuwa, na juya ina duba kaya. Sai na ji muryar abokina daga tsallaken titi, ba da ƙarfi ba. Ya ce, "Mutumina, juyo a hankali. Kada ka yi magana."

Na juyo. Duwan yana tsaye. Ba zani, ba keke, ba hannun kowa. Ƙafafun baya suna rawa kamar kara a iska, amma suna ɗauke da shi. Ya ɗaga ɗaya ya ajiye. Ƙugunsa ya karkata, na yunƙura zan tare shi, abokina ya ɗaga mini hannu. Ya daidaita. Ya sake takawa. 'Yan dako suka tsaya da buhuna a ka. Mai shayi ya tsaya da buta a hannu. Taku wajen goma ya yi, a karkace, kamar wanda ya sauko daga doguwar tafiya a bayan mota, har ya isa wurin tayar babbar motar nan. Ya shinshina ta. Sannan ya jingina nauyinsa a ƙafa uku, ya ɗaga ta huɗun, ya tsula mata fitsari.

Sai wani ɗan dako ya yi kabbara, sauran suka amsa, aka ɓarke da tafi da ihu. Direban motar ya leƙo yana cewa, "Kai jama'a, duk tayoyin garin nan sai tawa?" Abokina ya tsallako titi yana tsalle kamar ba magidanci ba. Na zauna a kan buhun gero, na cire hula na rufe fuska. Wani ya ce, "A'a, likita kuka yake?" Abokina ya ce, "Ƙaiƙayi ne ya shiga masa ido, ku ba shi wuri."

Na bar shago a buɗe na tafi gida. Tun daga zaure na ce, "Inna, ya tashi! Ya taka da ƙafarsa!" Tsohuwar nan da ban ji ta ɗaga murya ba tun rasuwar mahaifina, sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa har sau uku. Matan maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya haihu. Ta ce, "Ba haihuwa ba ce, karenmu ne ya yi fitsari a tsaye." Suka dubi juna, suka dube ta, suka yi mata barka dai don ba su san abin da za su ce ba.

Duwan ya ƙara shekara uku a duniya. Bai sake gudu sosai ba, tafiyarsa a karkace take har ƙarshe, in sanyi ya yi kuma sai na murza masa ƙugu kafin ya miƙe. Amma da ƙafarsa yake zuwa shago, da ƙafarsa yake komawa. Tsufa ne ya ɗauke shi, wata rana da azahar, yana barci. Ni da abokina muka haƙa rami muka rufe shi.

In na tuna yanzu, ba na ganin kaina a matsayin wani mai tausayi na musamman. An tilasta mini ne na fara, kunya ta hana ni bari, sai daga baya zuciyar ta biyo. Abin da na koya shi ne ba dole sai ka ji son abu za ka fara kyautata masa ba. Wani lokaci hannu ne ke fara aikin, yau da gobe, cikin gajiya da ƙyama da dariyar mutane, har ran da za ka duba ka ga kai ma ba yadda kake da ba ne. Na kuma gane cewa laifin da mutum ya yi ba ya gyaruwa da jin haushin kai. Sai an durƙusa an taɓa wurin da aka ɓata.

Tun daga lokacin Allah Ya yi mini abubuwa da yawa da mutane suka zo suka taya ni murna. Shago ya zama biyu, na aurar da 'yata ta fari, na sauke farali. Duk na gode. Amma in za ku tsare ni ku ce in faɗi ranar da na fi jin na yi nasara a rayuwata, sai na ɗan sosa ƙeya tukuna, don amsar ba ta manyan mutane ba ce. Ranar ce da wani tsohon kare ya tsaya da ƙafa uku a bakin titin Jibiya, ya jiƙa tayar motar mutane, ni kuma ina zaune kan buhu ina kuka.